Hattara da Koɗin Ruwa Mai Ratsin Jakin Dawa a Tabkuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu, musamman mazauna Amurka da Kanada da Turai waɗanda kan kai iyalansu iyo ko kamun kifi a tabkuna idan zafi ya shigo, game da wani ƙaramin koɗin ruwa mai ɓawo biyu, wanda Turawa ke kira zebra mussel saboda ratsin da ke jikinsa.

Asalinsa yankin Baƙin Teku da Tekun Kasfiyan ne, kuma a 1988 aka gano shi a tabkin St. Clair da ke kan iyakar Amurka da Kanada, bayan ya biyo ruwan da manyan jiragen ruwa ke ɗiba domin daidaita nauyinsu. Yawanci girmansa bai wuce farce ba, amma mace ɗaya kan zuba ƙwai har miliyan guda a shekara, shi ya sa suke yin cincirindo su manne wa duwatsu da matakalan shiga ruwa da igiyoyi da bututun famfo.

Bakin ɓawonsa yana da kaifi kamar reza, ko da abin da ke ciki ya mutu, saboda haka bai kamata yaro ko babba ya shiga irin wannan tabki ba takalmi ba, haka nan mai jawo igiyar jirgi ya sa safar hannu. Wanda ya yanke ya fito nan take, ya wanke raunin da ruwa mai tsabta da sabulu, ya ɗaure, idan kuwa ya ga kumburi ko mugunya ya garzaya wurin likita. Cinsa ma ganganci ne, domin kowane ɗaya yana tace ruwa kusan lita guda a rana, gurɓataccen abin da ke ciki kuma yana taruwa a jikinsa. Wannan tacewar ce ke sa tabki ya yi garau har a ɗauka ya tsabtata, alhali ba haka ba ne.

Sai dai a ganina babban nauyin hana shi yaɗuwa yana wuyan masu ƙananan jirage da masunta, domin 'ya'yansa ba sa ganuwa da ido, suna iya ɓuya a ɗan ruwan da ya rage a bokiti ko a gindin jirgi, manyan kuma kan yi kwanaki a tudu ba su mutu ba. Kafin a bar tabki a cire ciyayi da laka, a tsiyaye ruwan kakaf, a wanke da ruwan zafi ko a shanya kayan aƙalla kwana 5 kafin a kai su wani ruwan. A jihar Minesota ta Amurka doka ce ma ta wajabta tsiyaye jirgi kafin a hau titi da shi, kuma ina ganin dokar ta dace, tunda da zarar ya kafu a babban tabki fitar da shi kusan ba ya yiwuwa.

Na gode.

Naka,
Wani mai karatu