Ƙin Jinin Yahudawa Bai Ƙare A 1945 Ba

Malam Edita,

Masu cewa ƙin jinin Yahudawa ya bi Hitler kabari sun yi kuskure, riga kawai ya sake. A Yulin 1946, a garin Kielce na Poland, jita-jitar wai Yahudawa sun sace wani yaro ta sa aka kashe mutum 42, har da waɗanda suka tsira daga sansanonin Nazi. A 1953 gwamnatin Stalin a Tarayyar Soviet ta ƙulla wa wasu likitoci, galibinsu Yahudawa, sharrin shirin kashe shugabanni. A 1968 Poland ta kira Yahudawan ƙasar 'yan sahyoniya, dubbai suka bar ƙasar.

Yanzu abin ya koma intanet: musanta kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, da tsohuwar ƙaryar nan wai su ke juya bankuna. Wanda ya harbe mutum 11 a wurin ibadarsu a Pittsburgh ta Amurka, 2018, sai da ya wallafa ƙiyayyarsa a dandalin Gab kafin ya buɗe wuta.