Tsintuwa Ta Rasa Masauki a Unguwanninmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan cigiya da tsintuwa, domin abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni tela ne a Gwammaja, nan cikin Kano. Shagona yana kallon ƙofar masallacin layinmu, kuma da yake ba na rufewa sai bayan isha'i, sai ya zama duk wanda ya tsinci wani abu wurina yake kawowa, ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Yanzu haka akwai katin zaɓe a wurina, da katin ɗan ƙasa, da katunan cirar kuɗi, da makullai ɗaure da tsumma, da tabarau na karatu. Masu kayan nan suna wani wuri a cikin garin nan. Wataƙila wani ya riga ya je ya karɓo takardar 'yan sanda, ya yi rantsuwa a kotu, ya bi layin banki, alhali katinsa yana tsakanin zare da almakashi bai sani ba.

Kullum ana cewa amana ta ƙare a zamanin nan. Ni dai daga inda nake zaune ba haka nake gani ba. Almajiri ya kawo mini jakar kuɗi, mai tallan awara ta kawo mini waya. Masu son mayarwa suna nan da yawa. Abin da ya ɓace shi ne hanyar da za ta haɗa mai tsintuwa da mai cigiya.

Da can hanyar a fili take. Abu ya ɓata, a je gidan mai unguwa a faɗa. An tsinci abu, can za a kai. Idan ya yi nauyi, mai shela ya zaga da magariba yana cewa, jama'a ana cigiya, wanda ya gani ya taimaka don Allah don Annabi. Unguwa ƙarama ce, kowa ya san akuyar gidan wane da yankan kunnenta. Yau gari ya buɗe, mutum ya kwana a Rijiyar Zaki, ya yi kasuwa a Kantin Kwari, ya yi ziyara a Hotoro, duk a yini ɗaya cikin adaidaita sahu uku. A ina zai fara cigiya? Da yawa daga cikin samarinmu ma ba su san ƙofar gidan mai unguwarsu ba.

Ga kuma tsoro, wanda shi ne ya fi damuna. Wanda ya tsinci waya a yau, kafin ya yi tunanin lada sai ya yi tunanin kansa. In ya kunna ta, a bi sawu a ce shi ya ƙwace. In ya kai ta hukuma, yana fargabar ya shiga da ƙafarsa a matsayin mai taimako, a wayi gari shi ake tuhuma. In jaka ce, mai ita ya buɗe ya ce ai kuɗina sun fi haka. Na ga dattijo ya tsallake jaka a bakin titi, ya ce mini, Malam, ni ba na sayen rigima da kuɗina. Ban ga laifinsa ba, amma na san wanda ya zo bayansa ba lallai ne ya zama mai tsoron Allah ba.

A 2023 duk ƙasar nan ta ji labarin matashin nan mai adaidaita sahu a Kano da ya mayar da kusan naira miliyan 15 da wani ɗan kasuwa daga Chadi ya manta a kekensa. An yaba masa, an yi masa kyaututtuka, ko da yake a bakin shagona na ji masu cewa ya yi wauta, Allah ya shirye su. Abin da mutane ba su tsaya a kai ba shi ne yadda aka yi ya gano mai kuɗin: cigiya ya ji a rediyo. Da ba a yi sanarwar ba, da yaron yana nan da kuɗin mutane a ɗaki, ga niyya mai kyau, ga rashin sanin inda zai nufa. To, mai miliyoyi yana iya zuwa gidan rediyo. Tsohuwar da ta yar da katinta na asibiti fa?

Abin mamaki, addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. Duk wanda ya zauna a zaure aka karanta masa Risala ya ji hukuncin: wanda ya tsinci abu ya yi cigiyarsa shekara guda a inda yake sa ran mai shi zai ji. In shekara ta cika ba a zo ba, ya ci gaba da ajiyewa ko ya yi sadaka da shi, amma in mai shi ya bayyana daga baya, sai ya biya. Sannan ba a miƙa wa mai nema sai ya faɗi siffar jakar da maɗaurinta. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne 'yan zamani suke tattakewa da kyakkyawar niyya. Mutum ya tsinci jaka, ya zazzage ta, ya ɗauki hoton komai, har da adadin kuɗin da lambar kati, ya watsa a Facebook da WhatsApp. Shi ke nan, ya ba maƙaryaci amsar jarrabawa. Cewa ya kamata a yi an tsinci jaka a wuri kaza ranar kaza, mai ita ya zo da siffa. Sauran bayani a bar shi a ciki.

Haka nan masu karɓar lasifikar masallaci bayan an sallame sallah su ce ana cigiyar waya. Hadisi ya hana neman ɓataccen abu a cikin masallaci, domin ba don haka aka gina shi ba. A fito waje a tsaya a ƙofa, jama'ar dai su ne za su fito.

Bari in zo kan dabbobi, inda rigimar ta fi zafi. A unguwa irin tamu akuya ba abin wasa ba ce. Ita ce asusun matar gida, ita za a sayar ranar da yaro ya kwanta ko aka kore shi kuɗin makaranta. Da safe a sake ta ta nemi abinci a bola da bakin kasuwa, da yamma ta dawo da kanta. Ranar da ba ta dawo ba, sai ka ga mata da yara suna leƙa gida gida har dare. Wani lokaci sata ce, musamman gab da babbar sallah, lokacin da rago ke ɓacewa daga turke da tsakar rana. Amma sau da yawa bin wani garke ta yi, ko ruwa ya kore ta ta shige wani soro.

Wanda ta shiga gidansa shi ne a tsaka mai wuya. In ya kore ta, ta faɗa hannun ɓarayi ko mota ta buge ta. In ya ɗaure, ranar da aka ji kukanta a gidansa an gama da sunansa. Wani maƙwabcina ya riƙe tunkiya makonni yana saya mata dusa da harawa, ya faɗa wa duk wanda ya sani. Da mai ita ya zo, maimakon godiya sai ya ce me ya sa aka ɓoye masa dabba. Da maƙwabcin ya ambaci kuɗin abinci, sai aka ce ya cika son abin duniya. Alhali malamai sun yi bayani cewa wanda ya ciyar da ɓatacciyar dabba yana da haƙƙin a mayar masa da abin da ya kashe. Hukuncin da ya halatta a yanka akuya a ci kuwa na wadda aka samu ne a dokar daji inda babu mutane, ba a lungun Gwammaja ba, don kada wani ya fake da shi. Da tun ranar farko an rubuta a gaban mai unguwa cewa tunkiya mai siffa kaza tana gidan wane, da babu zargi, babu jayayya a kan dusa.

Kyanwa kuwa ba ta da gata ko kaɗan. Yarinya ta zo shagona tana kuka magenta ta ɓata, manya suna dariya wai har mage ake cigiya. Ita ta raine ta tun tana jaririya, da ita take raba kifinta. Haka yaran da ke kiwon tattabaru: ɗaya ta bi garken wani ta sauka a gidansa, sai ya ce rabonsa ne, ya fige mata fiffike. A nan yaro yake fara koyon cewa abin da ya faɗo hannunka naka ne, mu kuma muna kallo muna cewa wasan yara.

Roƙona kaɗan ne. Masu martaba da hakimai su umarci masu unguwanni kowa ya ajiye littafi guda, a rubuta abin da aka tsinta, da ranar, da wanda ya kawo, da shaida ɗaya, kuma wanda ya kawo ya tafi gida ba tare da an tsare shi da tambayoyi ba. Ƙungiyoyin masu adaidaita sahu su yi irin wannan a tashoshinsu, fasinja kuma ya saba da duba lambar da ke jikin keke kafin ya hau. Masu kiwo su yi wa dabbobinsu alama, su ɗauki hotonsu a waya tun suna gida. Wanda aka mayar wa da kaya ya ba da tukuici gwargwadon hali, wanda ya tsinta kuma kada ya yanka farashi kamar shi ya ƙera.

Ku kuma, ranka ya daɗe, ku ware ɗan gurbi a jaridarku kowane mako, kyauta, don cigiya. A buga sunan da ke kan kati da unguwar da aka ajiye shi kawai, ban da lamba, ban da hoto. In kun buɗe, ni zan fara aiko muku da nawa jerin.

Wassalam.

Naku mai karatu,
Wani tela daga Gwammaja, Kano