Gishirin Titi da Famfon da Ke Ƙarƙashin Mota

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan uwa mazauna ƙasashen sanyi, da masu sayen motocin da ake sauke wa a Kwatano da Legas, a kan wata ɓarna da ba a ganinta sai an shiga ƙarƙashin mota.

A nan jihar Ontariyo ta ƙasar Kanada, inda nake zaune, da zarar hunturu ya kama daga watan Nuwamba har zuwa Maris, hukumomi sukan bi tituna suna watsa gishiri domin ya narkar da ƙanƙara, kuma ana kiyasin ƙasar tana zuba kimanin tan miliyan 5 a kowace shekara. Idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifiri, gishirin da muka sani yakan rage ƙarfi, sai a koma ga wani nau'i mai sinadarin kalsiyam, wanda ya fi shi mugunta ga ƙarfe, domin yana janyo laima daga iska ya zauna a jiƙe ko da titi ya bushe. Tayoyi ne ke kwasar wannan ruwan gishiri suna fesa shi a ƙarƙashin motar tun daga gaba har baya.

Motata tana daga cikin waɗanda ke tafiya da tayoyin gaba, sai idan sun fara sulɓi wani ɗan famfo mai aiki da lantarki ya tura mai da ƙarfi, ya haɗa tayoyin baya su ma su ja. Wannan famfo, wanda bai fi kwalbar lemo girma ba, yana manne ne a jikin giyar baya, wato akwatin giya da ke tsakanin tayoyin baya, a fili, ba tare da wata garkuwa ta kirki ba. Wata safiya a watan Janairu na tsaya a kan tudu ina jiran danja, da ta ba da hannu sai tayoyin gaba suka riƙa juyawa a wuri ɗaya, na baya kuwa ko motsi. Da bakanike ya ɗaga motar ya haska mini fitila, sai na ga jikin famfon, wanda na alminiyom ne, ya yi fari fat yana ɓarɓashi kamar an barbaɗa masa kanwa, soket ɗin wayarsa kuma ya koma kore. Ya sa sifana a kan ƙusar farko, ta karye a hannunsa. Ya bayyana mini cewa duk inda ƙusar ƙarfe ta shiga jikin alminiyom, ruwan gishiri kuma ya ratsa tsakaninsu, sai su zama tamkar ƙaramin batir, alminiyom ɗin ne kuma ke cinyewa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin ba shi da tsada. Tun kafin a fara zuba gishiri ake wanke ƙarƙashin mota a bar shi ya bushe, a cire soket a shafa masa giris irin na kayan lantarki, sannan a fesa wa famfon da ƙusoshinsa man hana tsatsa mai kauri, kamar wanda ake yi daga kitsen gashin tumaki, a kuma maimaita kowace shekara, tare da kiyaye birki da salansa kada man ya taɓa su. Baƙin fentin roba da wasu ke shafawa, a ganina, yaudarar ido ce, domin idan ya tsage yakan ɓoye ruwan gishiri a ƙarƙashinsa tsatsa ta ci gaba da aikinta a asirce. Haka nan ajiye mota da gishiri a jikinta cikin gareji mai ɗumi yana hanzarta tsatsa, abin da ni kaina na daɗe ina yi da zaton gata nake yi mata.

Ga 'yan uwa na gida kuwa, da yawa daga motocin da ake kawo muku daga Amurka da Kanada sun yi shekaru suna wanka da wannan ruwa, ko da jikinsu yana sheƙi. Ba ƙaramin lamari ba ne, tunda a shekarar 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhu na kusan dala biliyan 3.4 a Amurka saboda tsatsar da ta ci ƙashin bayan wasu motocinsa. A Kano ko Maraɗi babu ƙanƙarar da za ta tona asirin famfon da ya mutu, sai ranar da mota ta kafe a yashi ko a taɓon damina. Saboda haka kafin a biya dillali, a nemi sanin jiha ko garin da motar ta fito, a kai ta rami, a sa bakanike ya duba giyar baya da bututun birki da fitila a hannunsa, kuma idan aka ga sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota, a ɗan kankare shi a ga abin da ke ciki.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Mai karatu daga Ontariyo, Kanada