Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zongon Kumasi Kan Diyyar Gobarar Shagunanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nasara.

Ranka ya daɗe, mu talakawanka 'yan kasuwar Aboabo da gobara ta cinye wa shaguna muke durƙusawa gabanka, domin makon jiya lauyan kamfanin inshorar da muke shari'a da shi ya tsaya a Babbar Kotun Kumasi ya ce ko sidi ɗaya ba ma bin su, alkali kuma ya sake ɗage zama. A ranar ne masu karɓar bashi suka je gidan wata gwauruwa cikinmu suna neman kwashe keken ɗinkinta, alhali da bashin nan aka haɗa mana inshorar tun farko.

Hujjar kamfanin inshorar wani sharaɗi ne cikin ƙananan rubutu, da Turancin da ba a taɓa fassara mana ba, wai ba sa biyan ɓarnar da wutar lantarki ta jawo. Gaskiya ne wutar ta tashi ne lokacin da aka dawo da lantarki da ƙarfi bayan ɗaukewa. Amma lauyanmu ya nuna cewa sharaɗin ya tsaya ne kan na'urar da ta fara ƙonewa, bai shafi atamfa da shinkafa da rufin da wuta ta bi daga baya ba, kuma a shari'a kamfanin da ya fake da togaciya shi ke da nauyin tabbatar da ita. Ranar karɓar kuɗinmu babu wanda ya ambaci lantarki, ranka ya daɗe.

Mun yi ta zarya, mun rubuta, mun kai takardu, kullum sai a ce mu dawo.

Muna roƙon Mai Martaba ya sa baki wurin Hukumar Inshora ta Ƙasa, wadda dokar inshora ta 2021 ta ɗora wa kare waɗanda suka sayi inshora, ta duba wannan sharaɗi. Muna roƙo a kira masu bashi fada su dakata har kotu ta yanke hukunci, a kuma taimaka mana wajen kai kukanmu ga ɗan majalisarmu na mazaɓar Asawase. Sannan a tilasta wa wakilan inshora da ke yawo cikin Zongo su riƙa karanta wa mutane sharuɗɗa da Hausa ko Tiwi kafin a dangwala hannu. Maganar masu bashin nan, ranka ya daɗe, ita ce ba ta jira.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka,
'Yan kasuwar Aboabo da gobara ta shafa