Fim ɗin da bai fita daga akwati ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Daren Asabar a fadarmu ta Bukoki, nan Yamai, muka kalli wani fim na 2010. Direban babbar mota ne ɗan Amurka, aka binne shi da rai cikin akwati a Iraƙi, da salula da kyastu a hannunsa. Minti 90 da ɗoriya, kyamara ba ta leƙa waje ba. Shayina ya ƙafe bisa gawayi, ba wanda ya waiwaya. Cajin wayarsa na raguwa, gabana na faɗuwa, wallahi kamar a kaina rairayin ke zuba.

Ina roƙon masu shirya fim na Nijar su gwada irin wannan. Mota guda da ta mutu a hanyar Tawa, da fasinja biyar, ta isa.

Naku,
Mai karatu daga Bukoki, Yamai