Mu daina jiran na waje, a dubi manoman Adar

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili.

A 2023 da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba mana takunkumi a Nijar aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, magani ya yi wuya shinkafa ta hau, wa ya zo ya cece mu? Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit, an yi shekaru ana haska Faransa da shi, mu ƙauyukanmu har yau sai fitilar hannu, wallahi abin da ciwo.

Amma ku je wajen Illela ta jihar Tawa ku ga tassa, wato dabarar shuka cikin ƙananan ramuka. Fako ne ƙeƙasasshe da ko ciyawa ba ta fita, manomi ya bi shi da hauya rami-rami, ya zuba taki cikin hannu guda a kowane, ruwan sama ya kwanta ciki, yau ga hatsi ya yi kai, maƙwabci ya gani ya kwaikwaya har mutane suka fara sayen fako da kuɗinsu.

Albasar Galmi kuma har Abidjan da Accra ake kai ta, amma lokacin kaka ana yasar da ita da arha don tana ruɓewa a rudu, ma'ajiyarta ta gargajiya. Shugabannin garuruwa da 'yan bidarmu da ke aiko kuɗi gida, a haɗa hannu a gina ma'ajiyar albasa mai shan iska kafin kaka mai zuwa.

Naku mai karatu,
daga Tawa