Zuwa ga aminina a Newcastle

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Yaya fama da sanyin can? Mu nan Damagaram lafiya lau, sai zafi.

Ka tambaye ni kiɗan da ake sakawa a filin St James' Park idan 'yan ƙwallo za su fito, wanda ka ce yana tayar maka da tsigar jiki. Na Mark Knopfler ne. Don wani fim ya tsara shi a 1983, 'yan garin suka mai da shi nasu, domin ɗan yankin ne. A Glasgow aka haife shi a 1949, amma a Blyth ya tashi, nan kusa da kai. Mahaifinsa Bayahude ne da ya gudo daga Hangari a 1939.

Bai yi suna a kiɗa da wuri ba. Ya yi aikin jarida a Leeds, ya karanci Turanci a jami'ar garin, ya koyar a wata kwaleji. Sai a 1977 shi da ƙanensa David da abokai biyu suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Dire Straits a Landan, aljihu babu ko sisi. Ni a ganina kunnen ɗan jaridar nan shi ne jarinsa. Waƙar da ta fito da su, "Sultans of Swing", labarin wasu makaɗa ne da ya tarar suna ta zuba kiɗa a wata mashaya da kusan babu kowa ciki. "Money for Nothing" kuwa, a kantin kayan lantarki a New York ya ji wani ma'aikaci yana tsaye gaban talabijin yana kushe mawaƙa, wai kuɗin banza suke samu. Ya nemi takarda ya rubuce maganganun mutumin nan take.

Ga kuma hannun. Bahago ne, amma da dama yake kaɗawa, kuma ba ya amfani da 'yar robar nan da masu jita ke bugun tsirkiya da ita. Da yatsunsa yake tsinkar ta, shi ya sa sautin ke fita tas, kamar mutum na yi maka magana. Wannan sauti ya iso har Sahara. Bombino, makaɗin jitar nan na Agadez, lokacin da yake yaro a gudun hijira, bidiyon Jimi Hendrix da na Knopfler yake kallo yana kwaikwayo. Ka sake sauraren 'yan Agadez da kyau, za ka ji.

Faifan Dire Straits na 1985 ya sayu fiye da miliyan 30. A 1988 suna cikin manyan makaɗan da suka yi wasa a taron filin Wembley na cikar Mandela shekara 70, yana kurkuku a lokacin. Daga nan abin ya yi wa Knopfler yawa. Bayan wani dogon rangadi da ya ci fiye da shekara, daga 1991 zuwa 1992, ya ajiye ƙungiyar, a 1995 ta watse. An yi ta roƙon ya dawo da ita, ya ƙi. Mutane na cewa ya yi asarar dukiya. Ni kam ina bayansa ɗari bisa ɗari: wanda waƙarsa daga bakin talakawa take fitowa, ina zai ji su yana kan dandamali gaban dubban mutane kowane dare? Ya koma yin faifai da sunansa, yana waƙar masu haƙar kwal da matuƙan jirgin ruwa. A Janairun 2024 ya yi gwanjon jitoci da na'urorin ƙara sauti sama da 120 a Landan, ya ba da kashi ɗaya cikin huɗu sadaka, kuma a shekarar ya fitar da sabon faifai.

Ka nemi waƙoƙinsa na bayan 1995, su aka fi mantawa da su, sannan ka rubuto mini ra'ayinka. Inna tana gaishe ka, tana tambayar ko za ku zo Babbar Sallah. Ka gaida madam da yara.

Wassalam,
Naka amini